Zuwa ga Malamin da ya tambaye ni ko ɗan jami'a goyo ne

Assalamu alaikum, Malam.

An nuna mini tambayarka a Facebook, bayan hirar da aka yi da ni a rediyo kan yadda iyaye ke fama da hunturu. Na ce daga Disamba zuwa Fabrairu barcina rabi da rabi ne, saboda yarana uku da ke manyan makarantu. Kai kuma ka rubuta, da sunana a sama: shin ɗan shekara ashirin goyo ne, kuma ba irina ne ke sangarta yara ba? Ka ƙara da cewa ku da kuka yi makarantar kwana ba wanda ya bi ku da bargo.

Kalmar sangarta ce ta tsaya mini a maƙoshi. Shekara 31 na yi ina riƙe da alli a garin nan na Zariya, kuma a Tudun Wada ba a san ni da lele ba. Ka tambaya. Tun rasuwar mahaifinsu ni ce uwa ni ce uba. Lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, babban bai kwanta a gida ba. Gyaran waya ya koya a unguwar PZ, da kuɗin ya biya hayarsa da aka koma. Wannan ne sangartaccen?

Bari in gaya maka abin da ban faɗa a rediyo ba. Hunturun da ya biyo baya, yaron nan yana ɗakin haya a Samaru, taga ɗaya ba gilashi, ya toshe ta da kwali. Bargonsa ya ɓace a shanya, bai gaya mini ba. Ya taso yana jin maza irinka na cewa namiji ba ya raki, shi ya sa ya yi shiru. Daren da jaura ta yi tsanani suka hura gawayi a kasko shi da abokinsa, suka rufe ƙofa suka kwanta. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana hana jini ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Ciwon kai take fara sa wa, sai jiri, sai barci mai nauyi. Maƙwabcinsu da ya zo tashinsu sallar asuba shi ya ɓalle ƙofar. A gadon asibiti na same shi, bai gane ni ba sai wajen hantsi. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Mama, kunya na ji in ce miki sanyi nake ji." Har yau in na ji iskar asuba tana kaɗa kwano, maganar nan ce ke tashina.

Ƙanwarsa kuma asma gare ta. Hazon da kake gani ya rufe Kwangila har direbobi na kunna fitila da rana, ƙurar Sahara ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa, kuma ita a ƙirjinta take sauka. In maganin shaƙarta ya ƙare da tsakar dare, shekarunta ba za su buɗe mata numfashi ba.

Ka ce in damu da almajiran da ke kwana a waje. Ina damuwa, kuma kunun gidana na safe ya san kwanoninsu. Wannan bai hana wancan ba.

Ban zauna ina kuka ba, Malam. Tun damina nake zubin adashi don in kwasa a Nuwamba, in shiga kasuwar Sabon Gari in zaɓi rigunan sanyi na gwanjo kafin su yi tsada. Kowa ina haɗa masa bargo, safa, man kaɗanya saboda kaushi, garin kunu, citta da kanumfari. Na hana gawayi a ɗaki, na sa sun yi mini alkawari. Kiran waya kuma na tsayar da shi Talata da Juma'a, don na gane kiran kullum tsorona yake zuba musu. Sauran damuwar ina kai ta kan darduma, ina kuma zuwa awon jini duk wata, tunda likita ya ce ya hau.

Makarantar kwanan da kake alfahari da ita, ana ba ku abinci sau uku, akwai mai kula da ɗakin kwana. Yaran yau tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 suke lissafin ko su hau mota ko su ci abinci. Gas ya fi ƙarfin da yawansu, wuta ba tabbas, masu gidajen haya na karɓar kuɗin shekara ba sa gyara ko taga. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya rage wa wasu nauyi, amma ba ya rufe tagar. Kana da baki a gari, ban taɓa jin ka tambayi masu gidajen nan komai ba. Bazawara ka samu.

Kana da lambata, ka san ƙofar gidana. Da sani kake nema da ka yi sallama, amma ka zaɓi inda za a tafa maka. Naka yaran ma suna makaranta. Ka tambayi mai ɗakinka wa ke haɗa musu kaya, kuma ƙarfe nawa take barci a watan nan.

Ranar Asabar zan kai saƙon autar tasha, ita tana karatu a Kano. In kana da ɗalibin da ka san ba shi da bargo, ka turo shi kafin nan, na sayi biyu da suka yi saura.

Wassalam,
Yayarka, daga Tudun Wada, Zariya.