Ciwon ya tafi, majinar maƙogwaro ta ƙi tafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Likita. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali da duk ma'aikatan gidan rediyo, na rubuto ne domin neman shawara a kan wata lalura da ta shafe mako tara tana damuna. Ni mace ce mai shekara 47, an kawo ni Makka tun ina yarinya, ina zaune a wajen Shari'a Mansur, kuma sana'ata haɗa turaren wuta da humra. Na ambaci sana'ar tun daga farko domin ina zargin tana da hannu a cikin lamarin.

Mako guda bayan Babbar Salla na kamu da murar nan da ke bin mutanen gari duk shekara idan alhazai sun taru. Ban ɗauke ta a bakin komai ba sai da ta wuce kwana goma, kumatuna da goshina suka yi nauyi, haƙoran sama suka kama ciwo, idan na yi sujada kuwa sai in ji kamar fuskata za ta tsage. A wani ƙaramin asibiti likita ya ce abin da Larabawa ke kira juyubul anfiyya ne, wato kumburin kogunan nan da ke cikin ƙashin fuska, a kumatu da goshi da tsakanin idanu da can bayan hanci. Ya rubuta mini Augmentin na kwana bakwai da Panadol da maganin feshi mai suna Otrivin. Na shanye ƙwayoyin har ta ƙarshe, zazzaɓi da ciwon kai suka tafi, alhamdulillahi.

Abin da ya rage shi ne majina mai gangarowa ta bayan hanci zuwa maƙogwaro. Ba ta fitowa ta gaba balle in face ta in huta. Tana nan maƙale, fara ce mai yauƙi, ba ta da wari kuma babu jini a cikinta, sai dai ba na iya yin minti biyar ban yi gyaran murya ba. Da rana da sauƙi. Da zarar na kwanta sai ta taru ta tayar mini da tari, har na koma barci a jingine da matashi uku. Da asuba muryata a dushe take, sai na sha ruwan ɗumi na yi ta kaki kafin in iya karanta Fatiha a fili. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda masu sayen turare ke ja da baya idan na yi tari a gabansu, kuma ban ga laifinsu ba.

Akwai kuskuren da na yi wanda ya kamata ku sani. Otrivin ɗin nan da aka ce in yi amfani da shi na 'yan kwanaki, sai da na yi mako uku ina fesawa, domin duk lokacin da na daina hancin yakan toshe fiye da dā. Da na je saidaliyya, wato kantin magani, neman kwalba ta uku, mai maganin ya ce toshewar daga maganin take, kuma bai kamata a wuce kwana uku zuwa mako guda ana fesa shi ba. Na roƙe shi ya ƙara mini Augmentin, ya ƙi, ya ce tun 2018 aka tsananta dokar hana sayar da irinsa sai da takardar likita, kuma farar majina ba tare da zazzaɓi ba ba ta nuna ana bukatarsa. Sai ya ba ni Nasonex, ya ce in riƙa karkatar da bakinsa zuwa gefen kunne idan zan fesa, kada kuma in sa ran ganin aikinsa kafin mako guda ko biyu. Da ya ji ina shan amlodipine saboda hawan jini, ya gargaɗe ni game da magungunan mura masu pseudoephedrine. Yau kwana ashirin ina kan Nasonex. Toshewar ta warware, gangarowar ce dai ta ragu kaɗan ta tsaya.

Na gida ma ban bar su ba: sirace da na'a-na'a, shayin citta da kanumfari, zuma da habbatus sauda. Suna sanyaya maƙogwaro na awa ɗaya ko biyu, shi ke nan.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. A watan jiya na je Ɗa'if wajen ƙanwata na yi kwana biyar, kuma tun a dare na uku na yi barci a kwance ba tari. Na dawo Makka, ranar da na soya turaren wata amarya, na wuni a kan sandal da hawi da gabgab ina gwadawa a kasko, da daddare abin ya dawo kamar ban taɓa samun sauƙi ba. Maigidana ya ce magana ta ƙare, hayaƙi ne. Ni kuwa ban gamsu ba, domin shekara ashirin ina wannan sana'a ba ta taɓa sa ni ko atishawa ba, sannan a Ɗa'if ba turare kaɗai na rabu da shi ba. Garin a kan dutse yake, da sanyinsa, ba mu kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da dare, alhali a nan zafi kan haura digiri 40 kuma na'urar ba ta mutuwa dare da rana, tana busar da hanci, ga ƙurar rushe-rushe da gine-gine da ba ta ƙarewa a unguwanninmu. Shin zai yiwu ciwon ne ya bar fatar cikin hancina da rauni, har abin da dā ba ya damuna ya zama yana tayar da ita? Idan haka ne, rauni ne mai warkewa idan na huta wata ɗaya, ko kuwa na rabu da kasko ke nan? Da wannan sana'a nake biyan hayar gida tare da maigida, kuma lokacin umara ya kama, baƙi daga Kano da Yamai suna ta aiko da saƙon tsaraba. Idan takunkumin fuska da buɗe taga za su wadatar, ko in bar wa 'yata gwajin hayaƙin in tsaya a kan haɗawa, ina so in ji daga bakinku.

Sai batun wanke hanci da ruwan gishiri, wanda na ji kun yaba a shirinku. Ina tafasa rabin lita, in bar shi ya huce, in zuba ƙaramin cokali na gishiri da na garin soda irin ta girki (baking soda), in shaƙa safe da yamma. Na kiyaye gargaɗinku na kada a yi da ruwan famfo kai tsaye, musamman da yake namu daga tankin rufin gida yake saukowa. To ruwan Zamzam fa, wanda ba ya yanke mana, shi ma sai an tafasa? Kuma da yake ina azumin Litinin da Alhamis, a waɗannan ranaku ba na wankewa sai bayan magariba, tunda ko a alwala an hana mai azumi zurfafa shaƙar ruwa. Hukuncin addini zan tambayi malamai. Abin da nake so daga gare ku shi ne ko sau ɗaya da dare ya isa, kuma wanne ake fara yi, wankin ko feshin.

'Yata ta ce ƙwannafi ma yana sa gyaran murya irin wannan. Gaskiya ina cin abincin dare a makare, ga gahawa, amma ba kasafai nake jin ƙuna a ƙirji ba, don haka ban ba maganarta nauyi ba. Ku gyara mini idan na yi kuskure.

Na ji kun ce ciwon da ya kai mako goma sha biyu ya zama daɗaɗɗe, ana bukatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ciki da na'ura, wani lokaci har da hoton kai. Saura mini mako uku in kai wannan iyaka, kuma ba ni da inshorar lafiya, duk riyal ɗin da zan kashe daga kuɗin turare zai fito. Na san idan ido ya kumbura, ko gani ya canza, ko zazzaɓi mai zafi ya dawo, ko jini ya riƙa fita ta hanci ɗaya, ba a jira. Babu ko ɗaya daga ciki a tare da ni. Shin in ci gaba da Nasonex da ruwan gishiri har makonnin ukun su cika, ko in tattara abin da ke hannuna in tafi yanzu?

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
Wata baiwar Allah daga Makka