A riƙa faɗa mana wanda ya gani da idonsa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan yadda labaran yaƙi da na yunwa suke iso mana. Abin da ke damuna shi ne, yawancin abin da muke karantawa sanarwa ce daga bakin kakakin soja ko na 'yan tawaye, kowa yana wanke kansa, ba tare da wani ya taka ƙafa zuwa wurin ya tantance ba.

Yunwar Habasha ta ishe mu misali. Ma'aikatan agaji sun daɗe suna gargaɗi, duniya ta yi kunnen uwar shegu, har sai a watan Oktoban 1984 da wakilin BBC Michael Buerk da mai ɗaukar hoto ɗan Kenya Mohamed Amin suka isa garin Korem, suka nuna iyaye mata zaune a fili cikin sanyin asuba, rungume da jariran da ko ƙarfin kuka ba su da shi, ga gawarwaki a nannaɗe a jere. A nan ne aka zabura, gudummawa ta fara kwarara. Mamatan ba a ranar suka fara mutuwa ba, gani ne ya kori ji.

Sai a kwatanta da Sudan, inda sojojin gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF suke gwabzawa tun 15 ga Afrilun 2023. An tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam da ke kusa da birnin El Fasher na yankin Darfur a watan Agustan 2024, amma labarin ya wuce kamar ba a yi ba, domin shiga Darfur da kyamara sai mai tsananin ƙarfin hali. A Gaza kuwa, da Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga da kansu, nauyin ya koma kan 'yan gida irin su Wael al-Dahdouh na Aljazeera, wanda yana bakin aiki labarin kisan matarsa da 'ya'yansa ya riske shi.

Ban ce kowane wakili ma'asumi ne ba, domin wanda sojoji suka ɗauka a motarsu, abin da suka ga dama kaɗai zai gani. Shi ya sa nake roƙon duk labarin yaƙin da za ku buga, ku bayyana mana ko wakili ne ya shaida da idonsa, ko kuwa takardar sanarwa ce aka miƙo muku.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum