Lanƙwashewar Mazakuta Tabo Ne, Ba Sammu Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wata lalura da maza ke fama da ita a ɓoye, wato lanƙwashewar mazakuta idan ta miƙe, wadda a nan Katsina aka fi jingina ta ga sanyi ko basir ko sammu.

Kwanan baya wani magidanci mai kimanin shekara hamsin ya tare ni bayan sallar isha'i, saboda ya san na yi aikin jinya. Ya fara da cewa matsalar ta wani abokinsa ce, sai da muka kai ƙofar gidana ya sassauta murya ya ce, "Malam, ni ne." Wata takwas ke nan yana ɗirkar jiƙe-jiƙen masu lasifika na tasha, har an fara sa masa zargin uwargidansa, tun da abin ya soma ne bayan ya yi amarya.

Likitoci suna kiran wannan lalura cutar Peyronie, sunan wani likitan fiɗa Bafaranshe da ya bayyana ta a 1743. A cikin mazakuta akwai wani tantani mai ƙarfi da ya naɗe tsokar da jini ke cikawa. Idan ya sami ɗan rauni, galibi lokacin saduwa kuma ba tare da mutum ya ankara ba, yakan warke da tabo mai tauri, kuma da yake tabo ba ya miƙewa kamar sauran nama, sai gaban ya karkata ta wajensa, kamar rigar da ɗinki ya tattare ta gefe guda. An fi ganin ta ga waɗanda suka haura shekara 40 da masu ciwon sukari. Ba daji ba ce, ba a kuma ɗaukar ta daga mace. Ɗan karkacen da aka haifi mutum da shi, muddin ba ya ciwo ko hana saduwa, bai buƙatar magani.

Maganin yana bin lokaci. A matakin farko, wanda kan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, akwai zafi kuma lanƙwasar tana canzawa, don haka ba a yin tiyata, sai maganin rage zafi da na'urar da ke jan gaban a hankali. Idan ta tsaya cak, likita yana iya tattare gefen da ya fi tsawo da ɗinki, ko da yake tsawon kan ɗan ragu, ko ya tsaga tabon ya yi masa faci. Akwai kuma allurar narkar da tabon da Amurka ta amince da ita a 2013, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu ƙoƙarin miƙar da gaban da ƙarfin hannu, domin hakan na iya yaga tantanin. Duk wanda ya ji ƙara "ƙas" sannan kumburi ya biyo baya, kada ya jira gari ya waye, ya nufi asibiti.

Shi dai magidancin na shawarce shi ya nemi ganin likitan mafitsara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a kuma auna masa sukari. Ina kira ga gidajen rediyonmu, waɗanda ba sa jin kunyar tallar maganin ƙarfin maza, da su ba likitocin mafitsara ko da rabin sa'a a mako.

Naka,
Wani ma'aikacin jinya mai ritaya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.