Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ilimi: Jarrabawar baki wadda ba a buɗe baki

Zuwa ga Mai girma Ministan Ilimi na Tarayya, Dakta Tunji Alausa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni malamin Turanci ne a wata sakandaren gwamnati a Jihar Katsina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami takarda ɗaya ce cikin ukun da ɗalibanmu ke rubutawa a jarrabawar Turanci ta WAEC, wato ta uku, wadda aka ce ta gwajin furuci ce. Tambayoyi 60, minti 45, maki 30. Tun daga raba ta har karɓe ta, ba yaron da zai furta kalma, ba kuma wanda za a furta wa. Wanda ya kuskura ya motsa leɓe don ya ji yadda kalmar ke fita, mai sa ido zai daka masa tsawa. Da fensir ake amsawa, a baƙanta A ko B ko C ko D, inji ya duba.

Ita dai wannan WAEC ɗin, a Ghana da Gambiya da Saliyo ba haka take yi ba. Can takarda ta uku ta sauraro ce: a kunna murya, yara su kasa kunne, su amsa abin da suka ji. Mu da Laberiya aka bari da takarda zalla, NECO tamu ta gida kuma ta bi sahu.

Ranka ya daɗe, malami abin da za a tambaya yake koyarwa, ko yana so ko ba ya so, domin da sakamakon yara ake auna shi. Ka leƙo ajina a zangon ƙarshe na 'yan SS3 ka gani. Allo cike da alamomin sauti, kowane benci da littafin tsofaffin tambayoyi wanda bangonsa ya yage, ni kuma ina ba su dabaru: in kalma ta ƙare da kaza, nauyin furuci yana kan gaɓar da ke gabanta, in ka ga harafi kaza bayan kaza, ba a furta shi. Yaranmu kuwa gwanayen hadda ne, tun daga makarantar allo suka saba. Sukan kwashe dabarun nan tsaf. Akwai wata ɗalibata da da wuya ta faɗi tambaya a wannan takarda. Ranar da wata baƙuwa ta shigo aji ta tambaye ta da Turanci me take son ta karanta a jami'a, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, ta raɗa wa ta kusa da ita da Hausa, "Me ta ce?" Wani zai ce kunya ce. Da kunya a ciki, amma da na rubuta mata tambayar a allo, nan take ta rubuta amsa mai kyau, har da dalili. Kunnenta ne bai saba da Turanci yana gudu a bakin wani ba, mu kuma ba mu taɓa ɓata darasi guda a kan haka ba, tunda ba maki a wurin. Mun koya mata ninƙaya a kan tudu, kuma takardar shaidarta za ta ce ta iya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, hukumar ta san yadda ake yi. Ɗalibin da ya zaɓi Faransanci ko Larabci a WAEC yana zama gaban mai jarrabawa, ya saurara, ya karanta a bayyane, a yi hira da shi. Turanci kuwa, wanda sai da kiredit ɗinsa yaro zai shiga jami'a, an ɗauke masa wannan. Shi ma Faransancin, kafin yaro ya kai ga waccan hira ya riga ya sha wuya. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, aka cusa shi a manhajar ƙaramar sakandare, ga ƙauyen koyon Faransanci a Badagry tun 1991. Amma a makarantunmu da dama darasin a jadawali kawai yake, ba malami. Inda aka yi sa'ar malami, jujjuya aikatau ake rubutawa a littafi. Mu da muke maƙwabtaka da Maraɗi, za ka tarar da yaron mota a tashar Jibiya da ya fi ɗan JSS3 iya gaisawa da yin ciniki da Faransanci, alhali bai taɓa zama a aji ba.

A watan Nuwamba na 2025 ka sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa wanda aka amince da shi a 2022, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe, kuma daga cikin hujjojinka akwai yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Ina da ja a kan wannan mataki, amma ba shi ya kawo ni ba yau. Tambayata ita ce, tunda an ɗora wa Turanci wannan nauyi, da me za mu san ya shiga? Yaron da za a koya wa lissafi da kimiyya da Turanci, da kunne zai fara karɓa, kuma kunnen ne ba ma gwadawa. Su kansu alƙaluman sai a yi hattara da su. A watan Agusta na 2025 WAEC ta fara cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce kashi 62.96 ne, saboda an duba ɗaya daga takardun Turanci na zaɓin amsa da jerin amsoshin da ba nata ba. Hukumar ta nemi afuwa, ta gyara, wannan abin yabo ne. Amma iyaye nawa suka kwana da baƙin ciki, yara nawa suka sha faɗa a gida kafin gyaran ya zo?

Waɗanda suka ɗauki gwajin harshe da gaske ba su da wani sirri. Tun 2001 Majalisar Turai ta fitar da ma'auni mai hawa shida, daga A1 zuwa C2, wanda ke faɗin abin da mutum zai iya yi da harshe: zai iya tambayar hanya, zai iya bin labaran rediyo, zai iya kare ra'ayinsa. Jarrabawar Faransanci ta DELF, wadda ake yi har a nan ƙasar, ta raba maki 100 gida huɗu daidai, sauraro da karatu da rubutu da magana, kuma wanda ya kasa samun 5 cikin 25 a ko da ɗaya ya faɗi, ko da ya cinye sauran. Gwajin PISA ma, na ƙasa da ƙasa da ake yi wa 'yan shekara 15, a zagayensa na 2025 ya ƙara auna Turanci a matsayin baƙon harshe, har da sauraro da magana. Mu kuwa ɗanmu zai gama digiri da Turanci, ya tashi neman gurbin karatu ko aikin jinya a Ingila, a ce sai ya kawo sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS. Kuɗinta ya haura naira dubu 200, kusan albashin wata uku na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 70. Muna jin haushi, muna cewa raini ne. Wataƙila da rainin, amma takardarmu ba ta da abin da za ta faɗa musu game da bakin yaron da kunnensa.

Na san abin da za a ce maka a ofis: ɗalibai sun kusa miliyan biyu a shekara, wa zai zauna ya yi hira da kowannensu? Ga rashin wuta, ga satar amsa. Gaskiya ne, kuma ban nemi a yi komai rana ɗaya ba. Amma kai ne ka ce WAEC da NECO su koma kwamfuta, JAMB kuwa tun 2015 ta koma gaba ɗaya. Kwamfutar da za ta nuna wa yaro tambaya za ta iya jiyar da shi murya. Abin sawa a kunne kawai za a ƙara. In aka kwashe tambayoyi 60 ɗin nan yadda suke aka zuba a kwamfuta, an kashe kuɗi ne a kan tsohon gwajin. Sauraro shi ne mai sauƙi, da shi ya kamata a fara. Magana kuma a soma da samfuri: a zaɓi makarantu a kowace jiha, birni da ƙauye, a ɗauki muryar yara na 'yan mintuna, a auna ba tare da an sa a sakamakon kowa ba, don dai ma'aikatarka ta san inda muke.

Sai dai ina roƙo a yi adalci wajen tsarawa, don mu na ƙauye mu ne kullum sabon tsari ke fara faɗa wa. Muryoyin da za a ɗauka su zama na 'yan Najeriya masu Turanci bayyananne, daga shiyyoyi daban-daban. Kada a rage wa Bahaushe maki don P ɗinsa ya karkata zuwa F, ko wani don harshen garinsu ya fito a furucinsa; abin dubawa shi ne ya fahimta, an kuma fahimce shi. Kurame da masu in'ina a yi musu tanadi tun farko. A kuma ba da sanarwar shekara uku, yadda yaron da ya shiga SS1 zai san abin da ke jiransa, mu malamai mu sami horo, makarantu su sami ko da lasifika mai aiki da hasken rana. Da yawa daga cikinmu ma muna buƙatar gyaran kunnen, domin da wannan takardar aka yaye mu.

Najeriya na da wakilai a majalisar WAEC, NECO kuma a ƙarƙashin ma'aikatarka take. Ina roƙonka ka umarci wakilan su nemi a ba ɗalibanmu takardar sauraro irin wadda 'yan Ghana ke yi, ka kuma sa NECO ta gwada tata a jarrabawar JSS3 kafin a kai ga manya.

Allah ya yi maka jagora. Na gode.

Naka,
Wani malamin Turanci daga Jihar Katsina