A Rubuta Tarihin Karawar Kulob-Kulob na Dara a Kaduna

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah shafinku na wasanni kullum ƙwallo ne, alhali a nan Kaduna akwai masu buga darar ces (wato chess ta Turawa) da darar gargajiya mai gida 30, kuma ƴan Tudun Wada kan je Kawo ko Unguwar Rimi su kara, a taru ƙarƙashin bishiya ana ta ihu in an ci wa mutum sarauniya, amma ba wanda ke rubuta waye ya ci. Dattawan da suka san labarin kuwa sai ƙarewa suke. A 2024 da Tunde Onakoya, ɗan Najeriya gwanin darar ces, ya yi awa 60 yana buga ta a New York kowa ya yaba, to namu fa? Ku turo wakili ya tattauna da su.

Naku, mai karatu daga Rigasa.