A riƙa yi mana bayanin maganin tsinka jini da Hausa

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah ka ba ni ɗan fili, abin nan ya daɗe yana cin raina.

Bara ƙafar Baba ta hagu ta kumbura suntum, ga zafi kamar an sa garwashi, aka yi hoto aka ce gudan jini ne ya toshe jijiya. Suka yi masa allurar heparin kwana biyar sannan aka ɗora shi kan warfarin, duka biyun magungunan tsinka jini ne, aka sallame mu, ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da maganin nan ke yi. Wata guda bayan haka bayansa ya riƙe, ya aika kemis aka siyo diclofenac, maganin ciwon jiki, washegari kuma ya kira wanzami ya yi masa ƙaho. Wallahi tsumma uku muka jiƙa jinin bai tsaya ba, sai da muka kwana asibiti.

A can ne wata nas, Allah ya saka mata, ta yi min bayani. Wai akwai wani sinadari a jini sunansa thrombin, shi ke maida wani sinadarin jinin mai suna fibrinogen ya zama zare-zare kamar raga ya kama ƙwayoyin jini har rauni ya toshe. Hanta ce ke haɗa tushen thrombin ɗin kuma sai da bitamin K, toh warfarin bitamin K ɗin yake tarewa, shi ya sa zogale da alayyahu ke rage masa ƙarfi in mutum ya dinga cin su yau da yawa gobe babu. Shi warfarin maganin ɓera ne fa tun asali, a 1948 aka fara saida shi a Amurka, sai 1954 aka yarda mutane su sha. Heparin kuma ƙara wa mai kashe thrombin na jiki ƙarfi yake. Akwai kuma wani magani, dabigatran, da ke kama thrombin kai tsaye, irin dabarar matsattsaku da yawunsa ke hana jini daskarewa, sai dai tsada, talaka ba zai jure ba.

Duk wannan minti goma ya ɗauke ta. Me zai hana likitoci su faɗa tun ranar sallama, ko su rubuta a ƴar takarda da Hausa: banda ƙaho, banda aspirin da diclofenac sai da izini, a je gwajin INR, mai auna yadda jini ya tsinke, a kan kari. Baba yanzu nasa tsakanin 2 da 3 ake so ya tsaya, ni nake kai shi duk wata a bayan mashin.

Naka, mai karatu daga Zariya.