Sanarwa kan bindiga a lokeshan (wurin ɗaukar fim)

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Za mu zauna ranar Asabar bayan La'asar a ofishinmu na Zoo Road, kan bindigogin aikin mako mai zuwa.

Lamarin nan yana damuna ƙwarai. A Oktoban 2021 a Amurka, harsashin gaske ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ana tsaka da aikin wani fim, kotu ta yanke wa mai kula da makaman ɗaurin wata 18.

Don Allah kada kowa ya zo da bindigarsa, ko ta farauta ce. Mutum ɗaya zai riƙe bindigogin aikin, ya buɗe kowacce a gaban darakta da jarumi, ya sa hannu, sannan ya miƙa. Ko da wasa kada a saita kowa da ita.

Mai uzuri ya sanar da ni yau. Allah ya tsare mu baki ɗaya.